Makafi nawa ne a layinku?

Baban Hanifa, Marwa
Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau ba zancen farashin gero ko na mai na zo da shi ba. Jiya aka yi suna a gidan ƙanena a unguwar Domayo, nan Marwa ta Kamaru. Muna zaune a ƙofar gida sai aka fito da Goggonmu, jikarta na riƙe da hannunta. Na durƙusa na gaishe ta, sai ta ce "wane ne?" Matar da ta goye ni fa. Shekara uku ina shiga ɗakinta gaisuwa, ina zaton tsufa ne ya zaunar da ita, ashe da murya take gane ni. Jiya hayaniya ce ta yi yawa, muryar ta ɓace mata.

Da na koma gida na kwanta, sai na shiga bin layinmu gida-gida a zuci. Gida 23 ne. Na samu mutum 6 da ba sa iya fita sai an ja su, 4 mata ne. Ko ɗaya a cikinsu ba ya bara. Ni kuwa tun tasowata in an ce makaho, wanda nake gani shi ne na ƙofar masallacin Juma'a da sanda da ɗan jagora. To layinmu ne kaɗai haka, ko kowa bai ƙirga nasa ba ne?

Hajiyar Sabongari, Ngaundare
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Goggo lafiya. Kafin in gama karanta saƙonka na ƙirga uku a danginmu. Gaskiyarka, na cikin ɗaka ba a sa su a lissafi. Sai dai a ce "ai Inna ido ya yi nisa", shi ke nan an rufe zance.

Maman Sadik, Garwa
Kun taɓo inda nake. Shekarata 11 ina aikin jinya a ɓangaren ido. Baban Hanifa, ba layinku kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke da matsalar gani, ta kusa ko ta nesa, kuma aƙalla biliyan 1 daga ciki matsalar tasu abar da za a iya karewa ce, ko kuma wadda har yanzu ba a kula da ita ba.

Direban Kusuri
Haba Anti. Mu duka duniya biliyan 8 ne. Ke nan cikin kowane mutum huɗu akwai makaho? Motata tana ɗaukar mutum 18, kina nufin kullum da makafi huɗu nake tafiya Marwa, wataƙila har da ni mai tuƙin? Waɗannan alƙaluman na Turawa a Janiba ake zama a rubuta su don a samu kuɗin tallafi.

Maman Sadik, Garwa
Malam direba ka ba ni dariya, amma ban ce makafi ba. Matsalar gani hawa-hawa ce. A wurinmu makaho shi ne wanda ko da idonsa mafi kyau ba zai iya ƙirga yatsunka ba in ka tsaya taku uku zuwa huɗu daga gare shi, wato mita 3. Irin waɗannan a ƙiyasin shekarar 2020 sun kai miliyan 43 a duniya. Sai wasu miliyan 295 da suke gani amma dishi-dishi, ba sa gane fuska daga nesa, ba sa karanta allo. Mafi yawan wannan biliyan ɗin kuwa mutane ne da suka haura 40 suka daina ganin abu na kusa, kamar zura zare a allura ko karanta lamba a waya. Waɗanda ke cikin wannan hali ba su samu tabarau ba sun kai miliyan 826.

Don haka a motarka ba makafi huɗu ba ne. Amma ka duba gobe, mutum nawa ne ke miƙa wa yaron mota wayarsu ya duba musu lamba.

Tela Mai Zare, Marwa
Anti kin tona mini asiri a bainar jama'a. Ni ne wannan. Ina da shekara 46. Shekara biyu na yi yarona ne ke zura mini zare, ina ce masa koya masa aiki nake. Aikin hannu na wuyan riga na daina karɓa, ina cewa ba riba. Ranar da na sa tabarau na karatu na jaka ɗaya da rabi, na kalli ɗinkin da na yi satin da ya wuce, wallahi kunya ta kama ni. Abin da ya hana ni sawa tun farko kuwa, kada a ce na tsufa, ga shi ina neman ƙarin aure.

Hajiyar Sabongari, Ngaundare
Tela, amaryar ai gara ka gan ta da kyau kafin a ɗaura.

Direban Kusuri
To na yarda da na tela. Amma makanta ta gaske ai daga Allah ce. Ba ta zaɓen mai kuɗi ko talaka. Hausawa ma sun ce ciwon ido sai haƙuri.

Maman Sadik, Garwa
Komai daga Allah ne, amma a nan ne ba mu jitu ba. Tana zaɓe, kuma ina ganin waɗanda take zaɓa kullum a kan benci. Kusan kashi 90 cikin 100 na masu larurar gani a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali suke. Mafi yawansu sun wuce 50. Kashi 55 cikin 100 mata ne. Ko a maƙwabtanmu Najeriya, binciken ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya nuna kimanin mutum 4 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 40 makafi ne, kuma arewa maso gabas, wato masu iyaka da mu, su suka fi kowa. Rana ɗaya muke sha da su, ƙura ɗaya, abinci ɗaya.

Babban abin da ke makantar da tsofaffinmu shi ne yanar ido. Akwai wani abu garai-garai kamar gilashi a cikin ƙwayar ido, bayan baƙin, shi ne ke yin gajimare da shekaru, har ka hangi fari a tsakiyar baƙin. Attajiri ma yana yin yana, Bature ma yana yi. Bambancin, shi in ta fara hana shi karanta jarida ya je an cire. Namu sai ta rufe ido biyu ruf, a zaunar da shi a ɗaki shekara biyar, alhali aikin bai fi rabin awa ba. Allurar kashe zafi ake yi a wurin, a cire mai gajimaren a sa na roba, washegari a buɗe bandeji.

Inna Ladi, Mora
Ni zancen mata nake so a tsaya a kansa, don an faɗi kashi 55 an wuce kamar ba komai. Mahaifiyata har ta rasu da matsefata rataye a wuyanta. Gashin idonta ne ya juya ciki yana gogar ƙwayar, duk ƙiftawa kamar an zuba yashi. Kowane sati sai ta zauna a rana yayata ta tsige mata. Ya sake tsirowa da kaifi. A ƙauyenmu mata da yawa haka suke, har mun ɗauka wani abu ne da ke zuwa wa mace in ta manyanta, kamar furfura. Sai da na girma na ji sunansa amodari.

Maman Sadik, Garwa
Allah ya ji ƙan Inna. Amodari ƙwayar cuta ce da ke yawo a kwantsar ido da majinar yara. Hannu ke ɗaukarta, da gefen zane, da ƙudan nan da ke dafifi a fuskar yaro. Yaro ya kamu ya warke ya sake kamuwa, kowane karo yana barin tabo a cikin fatar ido, bayan shekaru tabon ya ja fatar ta naɗe ciki. To wa ke goge wa yaro fuska da bakin zanenta? Wa ke kwana da shi? Shi ya sa makantar amodari ke kama mata har ninki huɗu na maza. Ku ƙara da ɗan sandan kwalli ɗaya da gida duka ke amfani da shi.

Amma Inna Ladi, yankinku ne ma ya nuna abin yana jin magani. A 2008 aka bi gundumar Kolofata gida-gida ana ɗiga wa kowa maganin azitromaisin a ido, safe da yamma, kwana uku. Kafin a fara, kusan yaro 1 cikin 3 na ɗauke da cutar. Bayan shekara guda ta sauko wajen 6 cikin 100. Gana ta rabu da amodari a matsayin barazana ga jama'a a 2018, Mali da Benin a 2023. Wadda gashin ya riga ya juya mata kuma, ƙaramin aiki ne a fatar ido, ba a taɓa ƙwayar.

Inna Ladi, Mora
Na tuna ɗigon nan, ƙannena an yi musu. Sai dai tun da rikici ya shigo mana a 2014 mutane suka watse, wasu ƙauyukan ma ba mai zuwa. Kuma a ce wa mace ta wanke wa yaro fuska sau biyu a rana, alhali a watan Afrilu jarka ɗaya take samu bayan ta yi layi tun asuba? Da ita za ta dafa, da ita za a sha. Masu wa'azin tsafta su zo da rijiya tukuna.

Malam Ɗan Tubaro
Inna ta yi gaskiya. Kowane yanki da tasa. Mu nan bakin kogin Vina ba amodari ne ya cinye kakanninmu ba, makantar kogi ce. Wani ɗan baƙin ƙuda ne da ke haihuwa inda ruwa ke gudu da ƙarfi. Ya cije ka ya bar maka tsutsa, ta hayayyafa a ƙarƙashin fata, ka yi ta susa har fatar ƙwauri ta yi dabbare-dabbare, 'ya'yanta su gangaro ido. Masunta da manoman fadama ta fi kamawa, maza majiya ƙarfi. Kakana ya ce akwai garuruwan da aka tashi aka bar ƙasa mai albarka saboda ita. Haka abin yake a hayin Chadi wajen Baibokum.

Tun 1987 kamfanin Merck ke ba da maganinta, Mectizan, kyauta. Ana zuwa da sanda a auna tsayinka a ba ka ƙwaya daidai da shi. Ni ban san sa'ana ko ɗaya da ta makantar ba, amma tsofaffin da ta riga ta taɓa suna nan. Damuwata yanzu matasa sun fara ƙin sha, wai ba su ga makaho ba. To don me ba ka gani ba? Nijar ma a 2025 aka tabbatar ta kawar da cutar, ita ce ta farko a Afirka, mu muna nan muna gardama da mai sanda.

Alhaji Mai Goro, Garwa
Ni fa duk wannan zancen asibiti, ku bar raina na gargajiya. Akwai masu zuwa kasuwa suna gyaran yana, ba yanka ba ɗinki. A gabana aka yi wa wani dattijo, nan take ya ce yana ganin haske, ya nuna rigar mai aikin ya faɗi launinta. Akuya ɗaya ya biya.

Maman Sadik, Garwa
Alhaji, da girmanka, ka koma ka nemi dattijon nan bayan wata shida. Abin da suke yi, tsinke ko allura suke sokawa su tura yanar ta faɗa can cikin ido. Haske zai shigo, shi ya sa yake murna. Amma ba a sa masa komai a gurbinta ba, ganin zai zama garara sai da tabarau mai kaurin gindin kwalba. Yanar kuma tana nan ciki tana ta da kumburi, ga allurar da ba a dafa ba. Sukan zo mana ido ya yi jajir yana zubar ruwa, mai aikin kuwa ya bi kasuwar gaba. Idon da da za mu iya gyarawa, sai mu ce a yi haƙuri. Garin neman gira ke nan.

Alhaji Mai Goro, Garwa
To ku ma ai ba duka kuke dacewa ba. Matar wana an yi mata a asibiti, har yau ba ta gani.

Maman Sadik, Garwa
Ba zan musa ba. Yana faruwa. Wani lokaci akwai wata cutar a bayan yanar da ba a gani sai an cire, wani lokaci ba a dawo duba ba, wani lokaci kuma aikin ne bai yi kyau ba, mu ma mutane ne. Kuma na san mace ɗaya da ba ta dace ba tana hana ƙauye guda zuwa. Amma in za ka jera goma namu da goma nasu, Alhaji, ba za ka kai mahaifiyarka kasuwa ba.

Malamin Njamena
Salamu alaikum. Tun ɗazu wayata ke karanta mini zancenku, ina saurare. Ni ne wanda kuke ƙirgawa. Ina koyarwa a makaranta, ina da shekara 34 na rasa gani. Ba tsoho ba, ba mace ba, ba ɗan ƙauye ba, don kada lissafin Anti ya sa wani ya saki jiki.

Hawan jinin ido ne, gilakoma. Ba ciwo, ba ja, ba kwantsa. Daga gefe yake ci. Na fara karo da ƙofa, ina taka takalman mutane a masallaci, sau biyu babur ya kusa kwashe ni ban gan shi ba, amma ina karanta littafi lafiya lau, don tsakiyar na nan. Idona kan yi ƙaiƙayi lokacin hazo, sai in sayi wani ɗigo a wajen mai tebur, yana sanyaya mini. Shekara biyu ina ɗigawa. Daga baya likita ya ce irin wannan ɗigon yana iya ƙara hawan. Ranar da aka auna ni, ɗaya ya riga ya tafi, ɗayan saura kaɗan. Abin da wannan ciwo ya ci ba ya dawowa, tsayar da shi kawai ake yi. Yana bin jini, kuma ya fi kama baƙar fata da wuri. Bayan nawa na tilasta wa 'yan ɗakinmu su biyar suka je awo, aka samu biyu da shi. Suna ɗiga magani kullum, suna gani har yau.

Hajiyar Sabongari, Ngaundare
Allah sarki Malam. Wallahi har na yi hawaye.

Malamin Njamena
Hajiya na gode, amma ki adana hawayen. "Allah sarki" ɗin nan ya fi makantar gajiyar da ni. Ina koyarwa har yanzu, na koyi rubutun makafi na Braille, ina da mata da 'ya'ya uku. Abin da ke ci mini rai, in tsaya bakin titi ina jiran mota da sandata, sai in ji an saka mini dala biyar a hannu. Ko mu je kanti da ɗana, mai kanti ya tambayi yaro ɗan shekara tara "me yake so?" Kunnena ƙalau.

Kuma Baban Hanifa, akwai wadda ba ka ƙirga ba a layinku: jikar da ke riƙe da hannun Goggo. Tana zuwa makaranta?

Baban Hanifa, Marwa
Malam ka daki inda ke ciwo. Bara aka cire ta daga aji huɗu, aka ce ta zauna da Goggo. Ni ma ina wurin da aka yanke shawarar, ban ce uffan ba.

Liman Ƙarami, Gidar
Bari in sa baki kan maganar haƙuri da direba ya kawo. Hadisi ya tabbata a Bukhari cewa wanda Allah ya jarrabe shi da rasa idanunsa biyu ya yi haƙuri, sakamakonsa Aljanna. Wannan ga wanda abin ya riga ya samu ne. Ba izini ba ne ga ɗa ya bar uwarsa cikin duhu alhali akwai magani, don Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da neman magani. Game da abin da Malamin Njamena ya faɗa kuma, Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, a kansa farkon Suratu Abasa ya sauka, ladani ne, kuma an sha bar masa Madina ya ja wa mutane salla. Ba kwano aka miƙa masa ba.

Inna Ladi, Mora
Malam Liman, wannan huɗubar maza za ka yi wa ranar Juma'a. Tsoho in idonsa ya yi yana, a sayar da rago a kai shi. Tsohuwa sai ta jira ɗa ya ga dama, a ce bari a gama shuka, bari a gama girbi, bari auduga ta fito. Ita kuma don kara sai ta ce "ku bar shi, kwana nawa ya rage mini." Ba kuɗin aikin kaɗai ba ne, akwai na mota na mutum biyu, da abinci, da wanda zai bar sana'arsa ya yi jinya.

Maman Sadik, Garwa
Haka ne, shi ya sa nake cewa ku riƙa sa kunne. Ranar Gani ta Duniya Alhamis ta biyu ce a watan Oktoba, lokacin akan yi awo kyauta ko da rangwame a wurare da dama. Ƙungiyar Ophtalmo Sans Frontières ta daɗe tana aikin ido a arewacin Kamaru, ku tambayi cibiyar da ta fi kusa da ku. Abu biyu kuma kafin in tafi dutin dare. Mai ciwon suga ya je a duba masa bayan ido sau ɗaya a shekara ko yana gani garau, don suga na lalata jijiyoyin ciki a ɓoye. Yaro kuma in yana laluben bango da magariba, dundumi ne, ƙarancin bitamin A. Kada ku bari a wuce gidanku da ɗigon bitamin A ɗin nan na ja da shuɗi da ake ba yara, ko rigakafin ƙyanda. Zogale, mangwaro, manja, hanta, duk suna taimakawa. In kun ga fari a tsakiyar idon jariri, wannan ba na jiran Oktoba ba ne, gobe da safe.

Baban Hanifa, Marwa
Jama'a na dawo, yau kwana tara. Da ƙyar Goggo ta yarda, wai ta ji ana ƙwaƙule ido a ajiye a faranti a sa na akuya. Sai da Hajiyar Sabongari ta sa surukarta da aka yi wa aiki ta turo mata saƙon murya da Fulatanci, ta saurara sau uku. An duba. Na dama yana ce, za a yi aiki ranar Talata. Na hagu an ce ya daɗe da mutuwa, hawan jinin ido ne, kuma an ce mu 'ya'yan gidan duka mu zo awo. Yarinyar na je na yi magana da shugaban makarantarsu, ya ce a kawo ta bayan hutu, amma aji huɗun za ta maimaita.

Malamin Njamena
Ku je awon duka, har da masu cewa suna ganin jinjirin wata kafin kowa.

Direban Kusuri
Anti Maman Sadik, in kin fito duti ina da tambaya. Wani abokina ne, shi ma direba. Ya ce da dare in mota ta haske shi sai ya ga fitilar ta tarwatse, ba ya ganin gefen titi sai ta wuce. Shekararsa 52.

Maman Sadik, Garwa
Ka ce wa abokin naka ya ajiye tuƙin dare daga yau, ya zo a duba shi. In zai zo ya taho da lasisinka.